Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamna a Argungu: Wa Zai Tsaya Musu?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi; Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Allah ya ja zamaninsa; manyan baƙin da ke cikin tawaga; hakimai da masu unguwanni; malamanmu; jami'an Hukumar Gyaran Hali; iyayenmu mata da sauran jama'a.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Argungu. Ba za mu tsaya lissafa ayyukanka ba, maroƙa da 'yan jarida sun riga mu. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne mutum mai nauyin jiha a kansa ya ware lokaci domin mutanen da ko danginsu ba sa son a ambaci sunansu a taro. Mu masu wannan jawabi teloli ne da kafintoci da masu walda da bakanikai da manoman fadama, tare da limamai biyu, waɗanda muka haɗa kai muna karɓar 'ya'yanmu idan sun gama zaman gidan yari. An ce mintoci kaɗan gare mu, don haka za mu faɗi buƙatarmu tun yanzu, kada lokaci ya ƙare muna gaisuwa: muna roƙon gwamnati ta tsaya wa waɗannan yara. Lamuni muke nema.

Amma bari mu tuna wa baƙi ƙasar da suka taka. Nan ƙasar Kanta ce, Sarkin Kabi na farko, wanda ya juya wa Askiya Muhammadu na Songhai baya a kan rabon ganima, ya gina birnin Surame, Barno ta kawo yaƙi har bakin ganuwa ta koma ba ta ci ba. Kufan Surame na nan har yau, ko da yake da aka zana iyakar jihohi sai ya faɗa ɓangaren Sakkwato. Da aka ƙirƙiri wannan jiha ranar 27 ga Agusta, 1991, sunan Kabi aka raɗa mata. Suna namu, hedikwata a wani gari. Ba ƙorafi muke yi ba, tarihi muke karantawa.

Bayan an kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru masu yawa a tsare a hannun Sakkwato. Da ya samu fita ya dawo, Kabawa suka yi masa mubaya'a a 1849, kuma daga nan Argungu ta tsaya da ƙafarta har zuwan Turawa. Allah ya kiyaye mu kwatanta ɗan sarkin da yaƙi ya ritsa da shi da yaron da ya saci akuya. Abin da muke cewa kawai, garin nan ya san yadda ake tarbar wanda ya daɗe a tsare. A 1934 kuma Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo nan, Sarki Muhammadu Sama ya tarbe shi da wasan su, tsohuwar gaba ta mutu a bakin ruwa. Wannan su shi ne UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, shi ne kuma aka bari ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a dawo da shi a 2020. Baƙi su cika bakin kogin Matan Fada, su ɗauki hoton giwan ruwa, su tafi. A rataye homa da gora, matasan da suka yi nutso su koma zaman majalisa har wata shekara. Daga wannan zaman ne da yawa suke wucewa gaban alƙali.

Alhali aiki akwai shi. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a 2015, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa a garin nan, kuma fadamarmu ba ta hutawa rani da damina. Ana neman mai gyaran injin ban ruwa, mai walda, direba, ɗan dako, mai gadi. Doka ma ta yi nata. Dokar 2019 ta canza sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta ɗora mata koyar da sana'a, ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali, ta ce kada a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda ɗaurin da ya sha. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon sa hannu a harkar, wadda a da ta tarayya ce kaɗai. Ke nan, ranka ya daɗe, maganar ta iso teburinka.

To ina gizo ke saƙar? A tambaya ɗaya. Yaro ya fito da sana'arsa a hannu, ya je gareji ko shagon ɗinki, maigida ya duba aikinsa ya yaba, sannan ya ce, "Wa zai tsaya maka?" Mai babur ba ya ba ɗan kabu-kabu makulli sai da mai tsayawa. Mai shago ba ya barin almajiri da keken ɗinki sai da mai tsayawa. Ko gadin dare ne sai an kawo wanda za a kama idan wani abu ya ɓace. Uban yaron ya ce ya sallama shi tun ranar shari'a, kawu ya ce gonarsa ɗaya ce, mai unguwa ya ce shi na kowa ne. Takardar shaida na aljihu, amma takarda ba ta biyan kuɗin babur. Wani ma ba a taɓa yanke masa hukunci ba, jiran shari'a ya yi, kamar yadda fiye da rabin waɗanda ke tsare a Najeriya suke yi, aka sallame shi ba laifi. A bakin mutane duk ɗaya ne, ɗan gidan yari.

Samun aikin ma shi ne mai sauƙi, riƙe shi ne wuya. Watannin farko su ne siraɗi. Sifana ɗaya ta ɓace a gareji, ido ya koma kansa tun kafin a duba ƙarƙashin mota. A yi sata a unguwa, ƙofarsa za a fara bugawa, ya kwana uku yana amsa tambayoyi, ya dawo ya tarar an ba wani gurbinsa. Ga mutumin da ya yi shekaru ana tashinsa ana kwantar da shi da umarni, yanzu an ce ya tashi da kansa ya iso aiki ƙarfe bakwai. Ga tsofaffin abokai na jiransa da ƙwaya, su kaɗai ne ba sa tambayarsa mai tsayawa.

Abin da muke iyawa muna yi. Da izinin jami'ai muna ganin yaro kafin ranar fitarsa, mu san sana'arsa da halinsa. Muna kai shi da liman da mai unguwa wurin wanda ya cuta a nemi gafara, domin wanda garinsu bai yafe masa ba ba ya zama a aiki. Muna ba kowa uban gida da zai leƙa shi duk Juma'a, muna sa wani abu na ladansa a adashi. Kuma mu da kanmu muke tsayawa. Ba za mu ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, an taɓa cin amanarmu. Wani dattijo a cikinmu ya tsaya wa yaro aka ba shi injin ban ruwa ya kula da shi, yaron ya gudu da injin, dattijon ya sayar da shinkafar da ya ajiye wa iyalinsa ya biya. Yana nan zaune a cikin taron nan. Tun daga ranar, idan aka kawo sabon suna sai kowa ya sunkuyar da kai, kuma ba mu ga laifin kowa ba. Yaran da suka riƙe amana sun fi yawa nesa ba kusa ba, wasu sun yi aure, wani har ya ɗauki nasa almajirai, amma wannan guda ɗaya ya sa hannunmu ya yi sanyi.

Shi ya sa muke roƙon asusun lamuni a ƙarƙashin gwamnatin jiha. Duk wanda ya fito da shaidar kyakkyawan hali, kuma mu da mai unguwa muka sa masa hannu, a ba shi takarda mai hatimin gwamnati da ke cewa idan kayan aiki sun salwanta ta hannunsa a shekarar farko, asusun zai biya maigida zuwa wani adadi da za ka yanke. Ba kyauta za a raba wa kowa ba, kuɗin na nan a ajiye, sai an yi asara a taɓa su. Abincin ɗaurarre ɗaya, tun da aka ƙara shi daga naira 750 zuwa 1,125 a kullum, ya haura naira dubu 400 a shekara, ban da abin da ya sata kafin a sake kama shi. A 2023 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 aka biya wa mutum 4,068 tara suka fito. Mun yi murna, amma an buɗe musu ƙofa ɗaya ce, ta biyun tana hannun masu ba da aiki.

Akwai ƙananan buƙatu. A yi wa kowa rajistar NIN kafin ya fito, don ya iya buɗe asusun banki a biya shi albashi. A ba mu ɗan fili a fadama na noman rani. A tuna da mata, waɗanda sau da yawa suke fitowa su tarar aure ya mutu, 'ya'ya na hannun wasu. Idan aljihun gwamnati bai ɗauki duka ba, a ajiye waɗannan, a ba mu lamunin.

Ranka ya daɗe, noman rani ya matso, masu injina za su fara neman hannu, kuma akwai yaran da ranar fitarsu ta kusa. Mun rubuta tsarin asusun a shafi biyu, dattijon da ya biya kuɗin injin shi zai miƙa maka da hannunsa. Ya ce idan gwamnati ta tsaya a bayansa, shi zai fara sa hannu a kan suna na gaba. Muna roƙon amsa kafin a kunna injin farko a fadama.

Allah ya ƙara wa Mai Martaba lafiya, ya mai da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum.