Sharhi: Injin nukiliya na kumbo ba bam ba ne

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. A 2025 Amurka ta soke shirin DRACO, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da hukumar binciken soja ta DARPA suka sanar a 2023 don gwada injin nukiliya mai tura kumbo a sararin samaniya. Sai ga shi a nan Kano wasu na cewa gara da aka soke, wai wa zai ɗaura bam a kan roka? Haba jama'a! Wannan injin ba bam ba ne.

Ga yadda yake aiki. Ana ajiye haidirojin a tanki, ya zama ruwa saboda sanyin digiri 253 ƙasa da sifiri. Famfo ya tura shi ta ƙananan ramuka cikin tukunyar yuraniyom, wato makamashin nukiliya, mai zafin da ya haura digiri 2,000. Nan take ya koma iska, ya fita ta baya da ƙarfi, kumbo ya yi gaba. Babu abin da ake ƙonawa. Aikin tukunyar dumamawa ne kawai, kamar hita a cikin ruwa. Kewaye da ita akwai wasu ganguna masu juyawa, gefe ɗaya an shafe shi da sinadarin boron mai shanye nutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke sa yuraniyom ya ɗau zafi. A juyo gefen boron ciki, tukunya ta lafa. A kawar da shi, ta ɗau zafi.

Ribar fa? Roka mafi inganci mai ƙona haidirojin da iskar oksijin tana fitar da tururi da gudun kusan kilomita 4.5 a daƙiƙa. Injin nukiliya yana kaiwa 8 zuwa 9, domin haidirojin zalla ya fi tururin ruwa rashin nauyi nesa ba kusa ba. Wato kusan ninki biyu na turi daga kowane kilo na mai. Tafiya duniyar Mas a yau wata shida zuwa tara ce, kuma kowace rana ɗan Adam na shan tiririn sararin samaniya mai haddasa ciwon daji. Rage kwanakin nan ceton rai ne.

Kuma ba mafarki ba ne. Daga 1955 zuwa 1973 Amurka ta gina irin waɗannan injuna a shirye-shiryen Rover da NERVA, ta kunna su a hamadar Nebada. A 1967 ɗaya ya yi awa guda yana aiki da cikakken ƙarfi. A 1965 ma da gangan suka lalata guda don ganin mafi munin abin da zai faru, kuma sai da suka sauya na'urar juya gangunan kafin hakan ta yiwu. Ya tarwatse, amma bai tashi kamar bam ba.

Za a ce, Kosmos 954 fa, tauraron Tarayyar Sobiyat da ya watsa tarkace a arewacin Kanada a 1978? Gaskiya ne. Amma wannan tukunya ce da ta yi aiki a ƙasa-ƙasa kusa da duniya. Tsarin DRACO shi ne a harba tukunyar a kashe, ba za a kunna ba sai can sama, inda za ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta faɗo. Yuraniyom da ba a taɓa kunnawa ba tiririnsa kaɗan ne. Wanda aka tsara amfani da shi ma tacewarsa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba, rukuni ɗaya da na tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke aiki tun 2004, aka kuma mayar da ita kan irin wannan yuraniyom a 2018. Wa ya taɓa kiran ta bam?

Masu cewa harba roka ya yi araha yanzu, don haka a loda mai da yawa kawai, sun manta araha ba ta gajarta hanya.

Matsalolin gaske daban ne, kuma su ya kamata mu tattauna. Haidirojin mai zafi yana cin gawayin da aka gina sandunan yuraniyom na cikin tukunya da shi. A zamanin NERVA sai da aka riƙa shafe ramukan da sinadari mai jure zafi, duk da haka shafen yana tsagewa. Haidirojin ruwa kuma yana tsiyayewa daga tanki a doguwar tafiya, sai an haɗa masa na'urar sanyaya mai aiki wata da watanni. Sannan gwaji a fili irin na Nebada doka ba za ta bari ba yau, dole a gina wurin da zai kama duk iskar da injin ya fitar ya tace ta, kuma wannan gini kaɗai kuɗi ne mai yawa.