Kifin beta ba ɗan kwalba ba ne

Assalamu alaikum, masu kallo. Tun da hotunan wannan kifi suka fara yawo a TikTok da WhatsApp, tambaya ɗaya ake ta aiko mini daga nan Yamai: shin gaskiya ne yana rayuwa lafiya a cikin kofin gilashi, ba abin tace ruwa, ba komai sai ƴan duwatsu masu launi? Ku dubi wannan jela, kamar an baza sabon mayafi. Sunansa beta, masana kuma suna kiransa Betta splendens. Asalinsa ƙasar Tailan ce, wadda a da ake kira Siyam, kuma a 2019 gwamnatin ƙasar ta ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba, kuma idan ya sami kulawa yakan yi shekara 3, wani ma ya haura.

Yanzu ku lura da abin da zai yi. Ga shi ya hau saman ruwa, ya haɗiyi iska, ya koma. Daga nan ruɗanin ya samo asali. Beta yana da wata gaɓa ta musamman a cikin kansa da ke ba shi damar shaƙar iskar sarari, abin da ke cetonsa a gonakin shinkafa da fadamun ƙasarsu lokacin da ruwa ya ja baya. Wannan baiwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin tarwaɗa tana da irinta, gaiwa kuma takan shafe rani a binne cikin busasshen taɓo. Sai dai babu masuncin da zai ce taɓo ne gidan da gaiwa ta zaɓa. Dabarar tsira ce kafin damina ta dawo. Wanda ya taɓa ratsa gonakin shinkafar Saga da ke gefen Yamai ya san cewa ruwan gona ba shi da zurfi, amma yana da faɗi, yana cike da tsirrai, kuma ana sabunta shi.

Iska dai yana samu a kofi. Abin da ke kashe shi kuwa ba a ganinsa da ido. Kowane kifi yana fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, ta gaɓoɓin numfashin da ke gefen kansa da kuma ta kashinsa, sannan ragowar abincin da ya ruɓe yana ƙara yawansa. Amoniya ba ta da launi. Ku dubi waɗannan kofuna biyu: duka garau suke, amma ɗaya ya kwana uku da kifi a ciki. Ku ƙaddara an zuba cokalin gishiri a kofin shayi, an zuba wani cokalin a randa. Gishirin ɗaya ne, ɗanɗanon ne ya bambanta. Haka ƙazantar kifi ɗaya take ninka ƙarfinta sau 20 a cikin lita 1 idan aka gwada ta da lita 20. Tana ƙona masa gaɓoɓin numfashi, fika-fikansa su fara zagwanyewa, ya kwanta a ƙasa, mai shi kuma ya ɗauka hutawa yake yi. A ganina wannan shi ne abin tausayin, domin yawancin masu ajiye shi a kofi sonsa suke yi, bayani ne bai iso gare su ba.

Saboda haka mafi ƙarancin mazauninsa shi ne akwatin gilashi mai ɗaukar lita 20, wato kwatankwacin bidon ruwa guda. Mai tsawon santimita 40, faɗi 25, tsayi 25 yana ɗaukar lita 25, kuma shimfiɗaɗɗe irin wannan ya fi dogo mai zurfi, tun da kifin yana yawan hawa sama da jelarsa mai nauyi.

Girman kaɗai bai wadatar ba. A cikin wannan soso na abin tace ruwa wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zama, su ne ke juya amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yawaita ana ɗaukar mako 4 zuwa 6, don haka ake haɗa akwatin, a riƙa jefa ɗan abinci a ruwan, tun kafin a sayo kifin. Uwar gida mai tsabta za ta so ta juye ruwan duka, ta wanke komai da sabulu, amma yin haka yana hallaka waɗannan ƙwayoyi, aiki ya koma farko. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ake canzawa kowane mako, a matse soson a cikin tsohon ruwan da aka ɗebe. Ruwan famfo yana da kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ke cutar da kifi, sai a sa masa maganin da ke kawar da shi, ko aƙalla a bar shi a buɗe ya kwana.

Sai yanayinmu. Beta yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 28, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, ga shi gubar amoniya tana ƙaruwa a ruwa mai ɗumi. Kofi yana ɗaukar zafi nan da nan, ya kuma yi sanyi ƙalau a daren hunturu, alhali ruwa mai yawa a hankali yake sauyawa, ko da wuta ta ɗauke. A nisanta akwatin da taga, a sa ma'aunin zafi, a bar fanka tana kaɗa saman ruwan, kada a zuba ƙanƙara.

Sauran kuna ganinsu: murfin raga, domin yana tsalle; tsirrai masu laushi da wurin ɓuya; ruwa marar ƙarfin gudu. Ƙwari da tsutsar sauro ne cimarsa, ba saiwar furen da wasu ke sa masa a kwalba ba. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya.

Wanda kuma nasa kifin yake cikin kofi a yanzu, ya mayar da shi cikin sabon bokitin da sabulu bai taɓa ba, da ruwan da ya kwana kuma ɗuminsa ya yi daidai da na kofin, ya rage masa abinci, ya riƙa canza wani kaso na ruwan kullum har akwatin ya kammala.