Yadda gwanaye ke auna jar giyar inabi

Ku dubi hannun mai ɗanɗanon nan. Ƙafar kofin gilashin ya kama, don kada ɗumin tafinsa ya taɓa abin da ke ciki. Jar giyar inabi ta fi bayyana halinta a tsakanin digiri 16 zuwa 18.

Zai karkata kofin a kan farar takarda ya duba bakin ruwan. Sabuwa takan ja zuwa shunayya, wadda ta kwana biyu kuwa bakinta kan koma launin jan bulo. Waɗannan layukan da ke gangarowa a jikin gilashi kada su ruɗe ku, yawan barasar ciki suke nunawa, babu ruwansu da inganci.

Daga nan sai ya juya kofin a hankali, ya cusa hanci. Nan ne aikin yake. Harshe 'yan ɗanɗano kaɗan kawai yake rarrabewa, irin su zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri, sauran duk na hanci ne: ƙamshin 'ya'yan itace, ƙamshin gangar katakon da ta kwana a ciki, wani lokaci har na ƙasa ko fata. In ya ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar kwalbar ce ta ɓata ta, magana ta ƙare.

Yanzu ya kurɓa, ya zagaya da ita ko'ina a baki. Wannan baurin da ke kama dasashi, kamar na shayin da ya daɗe a ruwan zafi, shi ne tanin, daga ɓawon inabi da ƙwayarsa yake fitowa. Abin nema shi ne kada bauri ya danne tsami, kada zafin barasa ya rufe ƙamshi. Sai ya tofar, domin gwani ba ya haɗiyewa, ya tsaya ya ji tsawon lokacin da ɗanɗanon zai ɗauka kafin ya gushe. A ganina wannan jiran ya fi komai tona asirin giya.

Sunan da ke jikin kwalba kuwa yakan yaudari har gwanaye. A 1976 Steven Spurrier, wani ɗan Birtaniya mai sayar da giya, ya tara masanan giya na Faransa a birnin Paris don su ɗanɗana giyoyin Faransa da na Amurka, aka ɓoye musu sunayen giyoyin. Da aka haɗa maki, giyar Stag's Leap ta 1973, daga Kalifoniya a Amurka, ita ce ta zo ta ɗaya, ta doke manyan giyoyin yankin Bordeaux na Faransa irin su Mouton Rothschild.