Yadda enzayim ke yanka DNA ya sake haɗa shi

(Daga rikodin ɗin laccar da wani malamin kimiyya ya yi wa ɗalibai a Katsina)

Toh jama'a, na baya ku matso. DNA dai kun san zare ne biyu a murɗe, kuma tsinkewarsa babban haɗari ne ga ƙwayar halitta, amma akwai enzayim, wato sunadarai masu gudanar da ayyuka a cikin ƙwayar halitta, da aikinsu kenan, su yanka shi da gangan a wuri takamaimai su haɗa shi da wani.

Mu ɗauki Cre, wanda aka samo daga bayiros ɗin P1 mai kama bakteriya. Ba ya taɓa ko'ina sai wani wuri a jikin DNA da ake kira loxP, haruffan DNA 34 cif, 13 nan 13 can, 8 a tsakiya. Cre guda 4 ne za su taru su jawo loxP biyu su haɗa su gab da gab, amma biyu kawai ke fara yanka.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. In za ka yanke igiyar guga alhali gugan cike yake da ruwa yana rataye a rijiya, ai sai ka damƙe bakin igiyar tukuna ko? Toh haka Cre yake yi, akwai wani amino asid a jikinsa, wato ɗaya daga cikin tubalan da aka gina shi da su, tayirosin, shi ke kai wa fosfet ɗin DNA hari, wato abin da ke haɗa haruffan zaren, yana yankawa yana maƙalewa a bakin da ya yanka, ƙarfin da ke cikin haɗin farko bai zube ba yana nan a ajiye, shi ya sa ba ya buƙatar ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, ko ɗaya. Wallahi abin nan har yau yana burge ni. Sai ɗaya bakin da aka saki ya tsallaka zaren maƙwabci ya ture tayirosin ɗin can ya liƙe, a samu mahaɗa mai hannu huɗu, wadda ke ɗauke da sunan Robin Holliday da ya kawo bayaninta a 1964. Sannan sauran Cre biyun su yi nasu, shikenan.

Dangin serin, wato enzayim masu amfani da amino asid ɗin serin maimakon tayirosin, su ba su da wannan haƙurin, zare huɗun suke yankewa lokaci guda, rabin enzayim ɗin ya juya digiri 180 a liƙe.

Wata ɗiyata can ta ce me ke fitowa ƙarshe. Ya danganta, in loxP biyun gefe ɗaya suke kallo abin da ke tsakaninsu ficewa zai yi ya zama zobe, in suna kallon juna sai ya juya baibai. Da ficewar nan masu bincike ke cire ƙwayar gado guda daga hantar ɓera kaɗai su bar sauran jikinsa lafiya lau.