Gadin a Bayan Katangata

BINTA: Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau ma ni ce da Malam Auwal da Nura. Duk wanda ke guruf ɗin unguwarmu a Gwarinpa, nan Abuja, ya san abin da ya hana mutane barci tun ranar Asabar. Gidan nan na kan kwana mai bishiyar mangwaro...

NURA: Wanda magada suka sayar.

BINTA: Shi fa. Sun sayar, sun raba kuɗinsu, Allah ya sanya albarka, ba da su nake ba. Wanda ya saya ne ya shigar da takarda a sauya masa fulotin daga gidan zama zuwa wurin kasuwanci. Kasuwancin me? Gadin, wato wurin shaƙatawa da shan giya! Kujerun roba, firji cike da giya, lasifika, janareta har asuba. Malam, katangarsa da tawa ɗaya ce. Tagar ɗakin 'yata mai shirin jarrabawar WAEC tana kallon daidai inda ya ce zai rataya allon ƙwallo. Kuma ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. A bakin mai gadi muka ji, da ya ga ana sauke yashi.

AUWAL: To Hajiya, neman dai ba laifi ba ne, amma ba shi ke da ikon sauyawa ba. Tun dokar filaye ta 1978 ba wanda ya mallaki ƙasa ɗungurungum. A jihohi tana hannun gwamna, a Abuja kuma ministan birnin tarayya ne ke ba ka izinin zama, galibi na shekara 99, kuma a jikin takardar an rubuta abin da za ka yi da filin. In an ce gidan zama ne, to gidan zama ne, sai sashen kula da gine-gine ya amince kafin ka canza.

BINTA: Yauwa! Kuma mu da muka zuba gumin shekara da shekaru a wurin, a kan wannan rubutun muka zuba. Da an ce min kasuwa ce, da na nemi wani wurin.

NURA: Anti, bari in faɗi abin da ba za ki so ba. Nan fa ba Kano ba ce, ba Hisba, sayar da giya da lasisi bai saɓa wa dokar Abuja ba. Kuma shiga kowane gadin a garin nan ki duba, wa ke tsire? Wa ke wankin mota a bakin ƙofa? Wa ke gadi? Yaranmu ne, daga Katsina, daga Jigawa. Akwai abokina da ya yi aure da kuɗin tsiren gadin.

BINTA: Allah ya ƙara masa buɗi, amma...

NURA: Kuma maganar gaskiya, kifin gadin daban ne.

AUWAL: Kai Nura, wane kifi? Ka taɓa cin na kasuwar Mami ta barikin Mogadishu? Can ne kifi. Tun daga bakin ƙofa matan ke kiranka, ka nuna wanda kake so, a ɗora a kan garwashi kana kallo.

NURA: Ai barkonon ne ya yi yawa, Malam, sai mutum ya riƙa hawaye kamar an yi masa rasuwa.

AUWAL: Barkonon ai shi ne kifin! Tarwaɗa ba yaji, ai gara ka sha kunu.

NURA: Ni karfasa nake ci. Tarwaɗa santsi gare ta.

AUWAL: Karfasa duk ƙaya! Rabin lokacinka a tsince-tsince yake ƙarewa.

BINTA: Ku biyun duk ku bari, kilishin Area 1 ya fi su.

NURA: Anti, kilishi ai tsaraba ce, ba abincin dare ba.

AUWAL: Ya danganta da yawan da ka saya.

BINTA: To ya isa, kun kai mu bariki kun baro ni da janareta a bayan ɗaki. Nura, ka ce nan ba Kano ba ce, na yarda. Amma ka san wa ya fara sa hannu a takardar ƙorafinmu? Maƙwabciyata, Kirista ce, tsohuwar nas, mijinta na kwance da shanyewar ɓarin jiki. A taron Asabar ta miƙe ta ce ita ba ruwanta da abin da mutum zai sha, amma ƙarfe tara mijinta ke shan magani ya kwanta. Wallahi wurin ya yi tsit. Masu son su mai da abin rigimar addini ba su samu ƙofa ba. Layinmu mota biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ta raɓe. Ina baƙinsa za su ajiye motoci? A ƙofar gidajenmu. Ina kwatarsa za ta bi? Ta gabanmu. Wanda ya sha ya yi tatul ƙarfe biyun dare, a jikin katangar wa zai tsaya? Yara na fita makaranta da safe suna tsallake fasassun kwalabe. Shi mai wurin ma ba a unguwar yake kwana ba, zai kulle ya tafi inda ba hayaniya.

AUWAL: Kuma in ɗaya ya samu, na kusa da shi zai ce shi ma. Ku dubi Wuse 2. Aminu Kano Crescent da Adetokunbo Ademola, gidajen zama ne da yawansu a da. Yau bankuna ne da shaguna da wuraren rawa, masu gida sun tattara sun bar wa 'yan haya. Tsarin birnin na 1979 ya ware wa kowace unguwa wurin kasuwancinta. Lokacin da El-Rufai yake minista, daga 2003 zuwa 2007, ai da sunan wannan tsarin aka yi ta rusau.

NURA: Amma Malam, garin ya cika ya batse. Wuraren da aka ware ɗin, hayarsu ba ta ƙaramin ɗan kasuwa ba ce.

BINTA: Wanda ya iya sayen gida sukutum a Gwarinpa ba ƙaramin ɗan kasuwa ba ne, Nura. Ga manyan tituna nan, 1st Avenue, 3rd Avenue, duk harkoki ake yi, ya je can. Ni ban ce kada ya ci abinci ba. Ya zo ya zauna da mu, ya ce kantin magani zai buɗe ko makarantar yara, wallahi da hannuna zan kai masa ruwa.

AUWAL: Dama na ce zan bayyana yadda ake rubuta ƙorafin, da wanda ake kai wa...

NURA: Malam, an kira magariba, ga kuma saƙonni sun fi ashirin ba mu karanta ko ɗaya ba.

BINTA: A bar su sai mako mai zuwa. 'Yan layinmu, taro ranar Asabar bayan la'asar, kowa ya zo da kwafin takardar gidansa. Nura, kai ma ka zo, ka taho da abokin nan naka mai tsire, ina so in ji ta bakinsa. Sai anjima.