Amsoshin Tambayoyinku: Waƙa Ta Yi Daɗi a Situdiyo, Ta Zo Waya Ta Mutu

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku, daga nan Kaduna garin gwamna. Makon jiya muka ce duk mai tambaya kan kayan haɗa kiɗa a kwamfuta ya rubuto, ashe ruwa muka ɓallo wa kanmu. Takardu sun cika tebur, lokaci kuwa ba ya jira. Baƙonmu injiniyan sauti ne da ya daɗe yana aikin situdiyo tsakanin Zariya da Kaduna. Bazazzagi ne, don haka idan ya kama zagaye-zagaye ku yi masa uzuri. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, Malam. Ai gara zagayenmu da gaggawar Bakano, wanda tun ba a yanke ciniki ba ya ƙulle kaya a leda.

Mai gabatarwa: To Allah ya shirye ka. Ta farko daga wani matashi ne a Rigasa, ya ce tsakanin manhajojin haɗa kiɗa FL Studio da Cubase wanne zai koya?

Injiniya: Ya koyi wanda ogansa ke aiki da shi. Cubase na kamfanin Steinberg ne na Jamus, tun 1989 yake, kuma masu ɗaukar murya sun fi sabawa da shi. FL Studio na Image-Line ne na Beljiyam, da can FruityLoops ake ce masa, ya fi sauƙin jera kiɗa. Babu wanda zai saurari waƙa ya gane da wanne aka yi ta.

Mai gabatarwa: Shi ke nan. Kafin mu wuce, saboda iyayenmu da ke saurare, mene ne wannan fulogin da kowace takarda ke ambata?

Injiniya: Ƙaramar manhaja ce da ake jonawa cikin babbar. Ka ɗauki Cubase a matsayin shago, fulogin su ne kayan aikin da ke rataye a bango: wannan na ƙirƙirar sauti, wancan na gyaran murya, wancan na awo. Steinberg ɗin nan su suka fito da tsarin VST a 1996, shi ya buɗe ƙofa kowane kamfani ya ƙera nasa ya kawo.

Mai gabatarwa: Madalla. Sai wani ɗalibi daga Tudun Wada. Ya ce laftof ɗinsa tsohuwa ce, RAM ɗinta 4GB. Abokansa sun ce in ba shi da Serum ba furodusa ba ne. Ya sa Serum, ko Nexus, ko Sylenth1?

Injiniya: Abokan nan nasa su ji tsoron Allah. Duka ukun fulogin ne na ƙirƙirar sauti, amma ai ba jinsi ɗaya ba ne. Nexus kamar ka shiga wurin mai abinci ne, an riga an dafa, kai dai ka nuna a zuba maka. Sautukan a shirye suke, shi ya sa za ka ji waƙa goma da sarewa iri ɗaya. Serum kuwa, wanda Steve Duda ya ƙera ya fito a 2014, cefane ne za ka yi ka shiga kicin da kanka. Kana ganin siffar sautin a allo, ka lanƙwasa ta yadda kake so. Amma yana cin ƙarfin kwamfuta, ka buɗe uku ko huɗu a irin wannan laftof, sai ka ji kiɗa ya fara in'ina. Sylenth1 tsoho ne amma mara nauyi, shi ya fi dacewa da ita. Kuma akwai Vital na Matt Tytel da ya fito a 2020, aikinsa irin na Serum ne, yana da na kyauta, halak malak. Shi ma dai ba ya wasa da ƙarfin inji. Dabara ita ce in ka gama buga layi, ka mayar da shi sautin da aka naɗa, ka rufe fulogin ɗin, kwamfuta ta huta. Mu da muka fara da fiyanon Yamaha PSR, wanda shi ya raini kiɗan finafinan Hausa, ko wannan gatan ba mu samu ba. Na tuna wata rana a Sabon Gari...

Mai gabatarwa: Injiniya, a bar Sabon Gari tukuna. Ɗalibi, ka ji: Sylenth1 don sauƙi, Vital don kyauta. Yanzu ga wadda ta fi yawa. Takarda bakwai na ware, daga Kawo, Unguwar Mu'azu, Hayin Banki, har da Kafanchan, duk kuka ɗaya. Bari in karanta ta Kawo: “Ina gama haɗa waƙa a situdiyo, bes yana dukan ƙirji, murya tar. Da na tura wa mai ita ta saurara a waya, sai ta ce kiɗan ba nauyi, muryarta kuma ta nutse. Wane fulogin zan saya ya gyara min?” Injiniya, nan kam na ba ka fili.

Injiniya: To, ɗan'uwa, ka mayar da kuɗinka aljihu. Abin da kake buƙata na awo ne, kuma kyauta ake ba da shi. Matsalar daga ɗakinka ta fara. Yawancin situdiyonmu shago ne ɗan ƙarami, bangon siminti, an manna kiret ɗin ƙwai an ce an kashe amo. Kiret ɗin ƙwai ba ya tare bes, wato sauti mai kauri, ko kaɗan. Sautin da ke girgiza sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, tsawon igiyarsa ya kusa mita 7, ya fi ɗakin kansa tsawo. Sai ya bugi bango ya dawo, a wani wuri ya ninku, a wani wuri ya ɓace. Ka gwada yau: ka saki kiɗa, ka tashi daga kujera ka je lungun ɗakin ka tsaya. Za ka ji bes ya cika maka kunne. Ka dawo tsakiya, ka ji kamar an sace shi.

Mai gabatarwa: Wato ɗakin ne ke yi masa ƙarya.

Injiniya: Ƙarya tsagwaronta. Shi ya sa ake neman shaidar da ba ta da kunne. Akwai SPAN na kamfanin Voxengo, kyauta ne. Ka ɗora shi a layin ƙarshe inda duk sauti ke haɗuwa. Zai zana maka waƙar kamar tudu da kwari: hagu sauti mai kauri, dama mai kaifi, daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz, iyakar jin ɗan Adam ke nan. Sai ka ɗauko wata waƙa da ka san tana daɗi a ko'ina, a waya, a mota, a gidan biki, ka saka ta ka kalli nata zanen, ka kalli naka. Galibi abin da za ka gani, naka ya tara wani ƙaton tudu can ƙarshen hagu, ƙasa da 60 Hz.

Mai gabatarwa: A hankali, Injiniya, masu rubutawa na rubutawa. Sunansa SPAN, kyauta ne, a layin ƙarshe ake sa shi, a kwatanta da waƙar da aka yarda da ita. To tudun hagun nan, laifinsa me?

Injiniya: Laifinsa waya ba ta san da shi ba. 'Yar sifikar waya ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, abin da ke ƙasa da 200 Hz ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata. Kai ka zuba duk ƙarfin waƙar a inda ba za a ji ba. Magani shi ne ka ɗan gasa bes ɗin da fulogin mai sa sauti ya yi ɗan kaushi, kowace manhaja tana zuwa da irinsa. Yin haka na haifar masa da 'ya'ya a sama: in uwar tana 60, sai a samu a 120, a 180, a 240, har sama. Waya ta fitar da 'ya'yan, kunne kuma da kansa ya cike gurbin uwar. Ikon Allah ne wannan, haka aka halicci jinmu.

Mai gabatarwa: Allahu Akbar. Saura muryar da ta nutse.

Injiniya: Wannan kashi biyu ce. Na farko cunkoso. Fitar harafi, abin da ke sa ka bambance “sa” da “tsa”, yana wajen 2,000 zuwa 4,000 Hz. In ka jibga fiyano da sarewa da goge na kwamfuta duk a nan, murya ta rasa wurin zama. Ka rage musu kaɗan a wannan yankin da TDR Nova, shi ma kyauta ne. Masu hali su sayi Pro-Q na FabFilter, yana da daɗin aiki, amma ba shi zai yi maka tunani ba. Na biyu, yaranmu na son faɗaɗa sauti ya cika kunnen hagu da dama. A hedifon abin sha'awa. Amma wayoyi da yawa da ƙananan sifikun da ake yawo da su baki ɗaya gare su, sai su haɗe hagu da dama, abin da ya saɓa wa juna ya kashe juna, kiɗa ya rame, amshi ya ɓace. A jikin SPAN akwai ɗan ma'auni mai tafiya daga -1 zuwa +1. In ka ga yana yawan faɗawa ƙasa da sifili, akwai gyara. Kafin ka sallami waƙa, ka mayar da ita mono ka saurara.

Mai gabatarwa: In maimaita wa na Kafanchan da sauran: a duba zane, a gasa bes, a buɗe wa murya hanya, a saurara a mono. Akwai saura?

Injiniya: Ƙarar da ake gasa a kai. Kowa so yake tasa ta fi ta maƙwabci ƙara, sai a matse waƙa har ta daina numfashi. Ka sa Youlean Loudness Meter, akwai na kyauta, yana auna ƙara da ma'aunin LUFS. Spotify na daidaita waƙoƙi a wajen -14, YouTube ma in ta yi ƙara da yawa rage ta yake yi. Ka ga wanda ya matse tasa ya yi asara biyu, an rage masa ƙara, ga kiɗan ya riga ya tauye. Ban ce dole kowa ya tsaya a -14 ba, ni kaina ta biki nakan ɗara haka. Sannan don Allah a daina tura wa mutane aiki ta hanyar danna naɗar murya a WhatsApp ana kara waya a sifika. A tura fayil ɗin a matsayin takarda, wato document. Ni kuma har gobe, in na gama aiki, sai na sa shi a wata tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi, na fita bakin titi inda Keke ke wucewa na saurara. In na ji baitin a nan, to ya yi.

Mai gabatarwa: Ashe shi ya sa ka ƙi canza wayar nan, ni na ɗauka maƙo ne irin na mutanenku. Lokaci na tafiya. Wata baiwar Allah daga Malali, mai waƙoƙin biki, ta ce furodusanta na mayar da muryarta kamar ta aljana, ita kuma ba ta so.

Injiniya: Hajiya, Auto-Tune ne, fulogin mai daidaita muryar da ta kauce, ya murɗe har ƙarshe. Ka san wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, asalinsa aikin binciken man fetur yake yi, yana aika sauti cikin ƙasa yana lissafin amsawarsa. Da wannan lissafin ya fito da shi a 1997, kamfanin Antares...

Mai gabatarwa: Injiniya, Hajiya ba rijiyar mai take nema ba.

Injiniya: To, ta ce masa ya sassauta saurin gyaran, kuma ya tabbatar ya zaɓi makullin waƙar, wato key ɗinta, daidai. Mawaƙanmu na jan murya su lanƙwasa ta, in gyaran ya yi sauri sai ya daddatsa lanƙwasar ta zama matakala. In wuri biyu ko uku ne kawai ta kauce, Melodyne ya fi, da hannu ake gyara gaɓa ɗaya-ɗaya a bar sauran.

Mai gabatarwa: Daga Barnawa: in an ta da janareto sai wani “huuum” ya shiga naɗi.

Injiniya: Wutarmu a Najeriya 50 Hz take, zai ga tsinin a SPAN wajen 50, da 100, da 150. Ya zare cajar laftof ya naɗa da batir, sau da yawa shi ke nan. Wanda ya riga ya shiga, iZotope RX na cirewa, Audacity ma na ragewa kyauta.

Mai gabatarwa: Wani kuma daga Mando, ko kunya babu, ya ce a faɗa masa inda zai sauke fulogin na sata. Ɗana, a gidan rediyo? Da sunanka da unguwarku a jikin takarda?

Injiniya: Ni ba zan yi masa dariya ba, na taɓa yi. Wani shago na kai kwamfuta aka loda min, bayan kwana kaɗan bairos ya kulle komai, har da waƙoƙin amarya guda shida, saura kwana uku biki. Sai da na sake kiran mawaƙiya da 'yan amshi, na biya kuɗin motarsu daga aljihuna. Ga Vital, ga Surge XT, ga Dexed mai kwaikwayon Yamaha DX7 na 1983, duk halal ne.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, ga mai kula da na'ura yana nuna min agogo. Wani dattijo daga Unguwar Sarki ya ce shin akwai fulogin mai kalangu na gaske, irin na zamanin Mamman Shata?

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma. Tarin sautukan Afirka ta Yamma da ake sakawa a Kontakt, fulogin mai buga sautukan kayan kiɗa da aka naɗa, sun fi karkata ga kayan Mali da Gini, su jembe da kora da balafon. Kalangu kuwa maganarsa a hammata take, makaɗi na matse tsarkiya yana saki, kowane bugu da irin muryarsa. In ka naɗi bugu ɗaya ka jera a kwamfuta, ya zama ganga kurma. A ɗauko makaɗi, a kafa masa makirufo, a sallame shi da daraja. A tambayi mahauta a kasuwa, sun san inda suke.

Mai gabatarwa: Ka ga Bazazzagi ya ba da amsa a taƙaice, lallai yau za a yi ruwa. Masu tambaya kan makirufo da katin sauti, takardunku na nan a ajiye, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Injiniya, mun gode. A huta lafiya.