Idan masu talla suka janye, aljihun wa ke hujewa?

[Hoto: 'yan matan ƙwallon kwando na Jami'ar Rutgers a fili]

Ku kalli yaran nan. Ranar 3 ga Afrilu, 2007 suka buga wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, Tennessee ta doke su. Washegari da safe, wani dattijo mai shirin rediyo, Don Imus, ya buɗe baki ya kira su karuwai, ya haɗa da yi wa gashin kansu ba'a. Akasarinsu baƙaƙen fata ne. Kwana takwas kacal, CBS, kamfanin da ke da shirin rediyon, ta sallame shi.

[Hoto: Sandra Fluke a gaban makirufo]

Wannan kuma Sandra Fluke ce, ɗalibar shari'a a Jami'ar Georgetown. A Fabrairun 2012 ta yi wa wasu 'yan majalisa bayani kan inshorar lafiya da maganin tazarar haihuwa. Rush Limbaugh, shi ma mai shirin rediyo, ya jefe ta da irin wancan zagin, ya kwana uku yana maimaitawa. Masu talla suka yi ta ficewa. Shi kuwa ya ci gaba da shirinsa har ya mutu a 2021.

Laifi kusan iri ɗaya, ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna daram. Me ya raba su?

Da farko mu cire gwamnati daga lissafin. A Najeriya mun saba jin hukumar NBC ta ci gidan rediyo tara, don haka da yawanmu muke zaton haka ake yi a can. Hukumar FCC, mai sa ido kan rediyo da talabijin a Amurka, tana hukunta batsa a iska, amma zagi da cin mutunci irin wannan, tsarin mulkinsu bai ba ta hannu a kai ba. Saura kasuwa.

To, ga inda ake yawan kuskure. Mutane na ɗauka cewa da kamfani ya janye tallarsa, albashin mai shirin ya ragu ke nan. A'a. Ku bi kuɗin nan da ido.

[Zane: akwati huɗu, kibiya na tafiya daga ɗaya zuwa ɗaya]

Kamfani yana ba dillalin talla kuɗi. Dillali ya sayi mintuna daga kamfanin da ke rarraba shirin, ko daga tashar garinku da ke watsa shi. Shi mai shirin yana can ƙarshe, da kwantiraginsa a aljihu. Limbaugh ya sa hannu a 2008 kan kwantiragin shekara takwas, na kimanin dala miliyan 400. Ko talla ta shigo ko ba ta shigo ba, kuɗinsa na nan. Wanda ke jin zafin shi ne mai gidan rediyon. Shi zai zauna da biro da takarda ya tambayi kansa: in na riƙe mutumin nan nawa zan rasa, in na kore shi nawa zan rasa?

Ku duba teburin Imus. Masu tallarsa manya ne masu gudun abin kunya: Procter & Gamble, General Motors, American Express, Staples. Kamfanin da ke sayar da sabulu ga kowane gida ba zai yarda a haɗa sunansa da zagin 'ya'yan mutane ba. Iyayen gidansa ma, CBS da tashar MSNBC mai nuna shirin a talabijin, suna da wasu hajojin da za su kare, ga ma'aikatansu na cikin gida sun tayar da murya. MSNBC ta cire shi ranar 11 ga wata, CBS ta bi sahu ranar 12.

Limbaugh fa? Tashoshi kusan 600 ne ke ɗaukar shirinsa, kuma babu mai shirin hira da ya kai shi masu sauraro. In tasha ta kore shi da safe, kafin azahar maƙwabciyarta ta ɗauke shi, ta tafi da jama'arsa. Ya nemi afuwa a rubuce ranar 3 ga Maris, 2012. Kamfanoni irin su Carbonite suka ce sun ji, amma ba za su dawo ba. Sai wasu ƙananan masu talla suka shigo, irin masu cewa kira wannan lamba yanzu, waɗanda ciniki kawai suke nema.

[Hoto: ƙaramin situdiyo, ma'aikaci ɗaya gaban na'ura]

Nan ne abin yake taɓa ni. Bayan rikicin, manyan kamfanoni kusan ɗari suka gaya wa dillalansu kada a sake sa musu talla a duk shirin da ke iya jawo ce-ce-ku-ce. Ba na Limbaugh kaɗai ba, har da na waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Lew Dickey, shugaban kamfanin tashoshin rediyo na Cumulus Media a lokacin, ya ce sun yi asarar miliyoyin daloli. Ku tuna da mai yawon neman talla a ƙaramar tasha, wanda abincin gidansa ya dogara da kamasho. Shi dukan ya fara samu.

Kada wani ya ce to ƙauracewar ba ta da amfani. Ni dai ina ganin tana da shi. Ita ta sa mutumin da bai saba ba da haƙuri ba ya ba da, ita kuma ta nuna wa yaran Rutgers cewa ba su kaɗai ba ne.

[Hoto: koci C. Vivian Stringer da 'yan wasanta]

A daren da aka kore shi, Imus ya zauna da 'yan wasan a gidan gwamnan New Jersey, ya nemi gafararsu ido da ido, daga baya kocinsu ta sanar cewa sun karɓa. Rigimar sauran kuɗin kwantiraginsa kuwa, shi da CBS suka sasanta ba tare da shari'a ba. Watan Disamba na 2007, muryarsa ta dawo iska a tashar WABC ta New York.